Wanda Ya Ɗage Hutun Rafi

Alhaji Badamasi ya ci amanar 'ya'yan mutane, kuma ya yi ƙarya da sunan matar da ke kwance a kabari. Shi ne shugaban kwamitin makarantar firamare ta Marken Dutse, wani ƙauye a ƙasar Faskari, gaba kaɗan da Tafoki. Iyaye ne suka zaɓe shi, don suna ganin mai babbar gona da ba ya rasa sahun gaba a masallaci ba zai cuce su ba. Sun yi kuskure.

Marken Dutse na gefen Rafin Gora. A ƙetare akwai Tungar Audi, gidajen da ba su wuce talatin ba, kuma yaransu sai sun tsallaka rafin kafin su kai aji. Babu gada. Da rani yashi ne, ko akuya ba ta jiƙa ƙafa. Amma a ƙarshen damina rafin ba shi da amana, domin ruwansa daga duwatsun nesa yake gangarowa. Sai a tashi da rana ƙal a gari, ko gajimare babu, alhali can an kwana ana sheƙa ruwa. Kafin ka ankara kan ruwa ya iso, ja wur, ya kai ƙirjin babban mutum, yana tafe da itace da ciyawa. Saboda haka tun da aka gina makarantar, ko takarda ta ce a koma a watan Satumba, ba a buga ƙarfen shiga aji sai bayan mako uku, rafi ya kwanta. Hutun rafi ake ce masa. Malamai kan rama kwanakin daga baya, ba wanda ya taɓa rubuta shi.

Sai majalisar jiha ta yi doka cewa kowane kwamitin makaranta na iya ɗaukar mako uku daga hutun shekara ya ajiye shi inda ya dace da garinsu, muddin kwanakin karatu sun cika. Sharaɗin shi ne duk mutum bakwai na kwamitin su sa hannu, har da wakiliyar mata. Da zarar an aika da jadawali an amince, babu sauran hutu sai wanda ke cikinsa. Mutanen Tunga suka yi murna, suna cewa abin da ake yi da baki zai shiga takarda.

Alhaji Badamasi shi ma ya yi murna, amma tasa daban ce. Gonar masararsa ta ci rabin fadamar gari, kuma duk kaka yana fama da rashin hannuwa. Ya tara kwamiti a gindin bishiyar bedin makaranta da hantsi.

"Kowa nan manomi ne," in ji shi. "Masara in ta bushe ba ta jira. A kai mako ukun nan lokacin karya, yara su taimaki iyayensu."

Mazan suka gyaɗa kai. Uku daga cikinsu a gonar da ya ara musu suke noma.

Wakiliyar mata ita ce Hajiya Mero, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin mutanen yankin, kuma a Tungar Audi take zaune. Ta gyara zama a kan tabarma.

"Su taimaki iyayensu ko su taimake ka? Ni da jikokina kahin azahar mun karye tamu. Wa ke da gonar da ka buƙatar yaro ɗari cikin garin ga?"

"Hajiya, zamani ya canza. Rafin ma ai ya rage ƙarfi."

"Shi ya zo ya hwaɗa maka? Kai ɗan nan, ni na yanke maka cibiya, kuma tun rannan ba ka ƙoshi. Yaushe rabonka da taka ruwan ga? Ko da rani bisa babur ake ƙetarar da kai, kamar buhu."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Alhaji ya miƙa mata takarda da tawada, fuska ɗaure.

"Ba ni dangwalawa," ta ce. "In tawadar ta dame ka, kawo in shahwa maka ga goshi."

Kwana goma sha biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da Hajiya Mero, ta rasu. Washegarin sadakar uku Alhaji Badamasi ya shiga ofishin hedimasta da safe, ya ce a fito da takardar. Ya danna babban yatsansa a tawada, ya dangwala a ƙarƙashin sunanta, ya sa kwanan watan ranar taro.

Hedimastan, Malam Kamilu, mutumin Kankara ne, shekararsa ɗaya a garin, kuma a shagon ƙofar gidan Alhaji yake kwana. Ya ce, "Alhaji, baiwar Allah nan fa ta rasu."

"To ta zo ta yi musu."

Malam Kamilu ya yi shiru. Shirun nan laifi ne, kuma ya san laifi ne. Ya kai takarda ofishin ilimi, suka ga hannu bakwai sun cika, suka buga hatimi. Aka manna jadawali a ƙofar makaranta: komawa ranar Litinin ta biyu a Satumba, hutu kuma lokacin karyar masara.

A Tungar Audi akwai wani manomi, Gide, da matarsa Shafa'atu. 'Yarsu Amatullah za ta shiga aji shida, kuma a makon farko na komawa ake aika sunayen masu rubuta jarrabawar shiga sakandare. Wanda bai zo ba, babu sunansa. Gide ya je har gidan Alhaji ya durƙusa.

"Alhaji, a duba mana. Ruwan ga bai kwanta ba."

"Takarda ta riga ta tafi, Gide. Ni na isa in karya dokar jiha? Wanda ke son karatu ya zo."

Litinin, Talata da Laraba iyaye maza suka riƙa kama hannun yara suna ƙetarar da su, sannan su wuce gona. Ranar Alhamis Gide ya yi sammako da awakinsa zuwa kasuwa ta wajen Sabuwa, sauran mazan kuma aiki ya ja su. Gari ya waye fes. Shafa'atu ta ce wa 'yarta ta bari yau.

"Inna, dubi sama, ko gajimare babu. Kuma yau Malam ya ce za a rubuta sunaye."

Duk dattijon yankin ya san alamun kan ruwa: wata iska mai sanyi da ke biyo rafin, farin kumfa a gefe, busassun karare suna juyi. Yaran ba su sani ba. Ina za su sani, tun da aka haife su ba a taɓa barinsu kusa da rafin a wannan lokacin ba? Su shida suka shiga, ruwa iya gwiwa. Amatullah ce babba, ta tura ƙanana gaba, ita ta tsaya a baya. Wata mata mai wanki ta ga kumfa ta kurma ihu. Biyar suka fita.

Sai washegari aka sami Amatullah a saiwar wani ɓaure, nesa da gari, jakarta na rataye a wuyanta. Alhaji Badamasi ya je jana'iza, ya tsaya a sahun gaba, ya ce wa Gide kowa da kwanansa. Makaranta ta ci gaba kamar yadda jadawali ya ce, sai dai yaran Tunga ba su ƙara zuwa ba sai da rafi ya kwanta.

Abin ya fara ne a aji shida. Benci na uku ta wajen taga, inda Amatullah take zama, kullum da safe sai a tarar da shi a jiƙe. Ba duka bencin ba, daidai wurin zaman mutum ɗaya. Malam Kamilu ya sa aka duba rufi, babu yoyo. Ya sa aka fitar da bencin rana aka kawo wani. Da safe sabon ma ya jiƙe. Yarinyar da ke gefe ta daina jingina ta wannan ɓangaren, ta ce sanyi ke fitowa daga wurin.

Matattu ba sa dawowa. Haka malamanmu suka karantar da mu, haka kuma na yarda. Wasu suka ce mutanen ɓoye ne na rafin, wasu suka ce zuciya ce mai laifi. Ni dai abin da mutane sama da hamsin suka gani ƙiri-ƙiri shi nake rubutawa.

Kaka ta yi, aka ba da hutun da Alhaji ya nema. Aka kulle ajujuwa, yara kusan tamanin suka bazu a gonarsa, shi yana zaune a inuwa kan kujerar roba yana nuni da sanda. Ranar farko, da ƙarfe bakwai da rabi, ƙarfen makaranta ya buga. Tsohon ƙarfen tayar mota ne da ke rataye a jikin bedi, ana jinsa har fadama. Bugu uku, a tsaya, bugu uku, yadda ake kiran taron safe.

Alhaji ya aika a kamo ɗan iskan da ke wasa da ƙarfe. Ba a ga kowa ba. Washegari ya sa mutum biyu suka zauna a gindin bedin. Ƙarfen ya buga suna kallonsa, bai ko motsa ba, suka taso da gudu suka bar takalmansu. Malam Kamilu ya sauke ƙarfen da hannunsa, ya kulle a ofis, ya sa makulli a aljihu. A rana ta uku aka ji bugunsa daga gindin bedin, inda babu komai sai igiya.

A wannan ranar yaran suka saki masarar da ke hannunsu. Babu wanda ya ce musu komai. Suka fito bakin gona suka jeru aji-aji, maza gefe mata gefe, kowa ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar na gabansa. A layin 'yan matan aji shida aka bar gurbi tsakanin ta huɗu da ta biyar. Ta biyar ta miƙa hannunta, hannun ya tsaya a iska kamar ya sami inda ya dafa. Ƙasar gurbin ta yi duhu, tana jiƙewa a hankali, ga rana tana dukan kowa.

"Ku koma aiki!" Alhaji ya daka tsawa. "Ke, matsa gaba! Uban wa kike bar wa wuri?"

Yarinyar ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baba Alhaji, akwai mutum."

Ya taso da sandarsa, ya kutsa cikin layin, ya tsaya a gurbin don ya nuna musu babu kowa. Sai sandar ta faɗi. Ya ranƙwafa a hankali, ya mayar da hannuwansa biyu baya ya haɗe su, yadda ake yi in an goya yaro. Bayan farar rigarsa ya fara jiƙewa daga kafaɗa zuwa ƙugu, jan ruwa mai laka. Waɗanda ke kusa sun ji yana magana ƙasa-ƙasa da wani, yana cewa, "To. To, na ji. Ba za ki makara ba." Ya kama hanya a haka, yara na biye da shi a layi, har ƙofar aji shida. Nan ya durƙusa, ya saki hannuwansa, ya faɗi.

Bayan azahar Malam Kamilu ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗi abin da ya gani a ofis, da wanda ya dangwala, da shirun da shi ya yi. Aka ɗauko Alhaji aka tambaye shi, bai musa ba. Gide na zaune a wurin, ya tashi ya ƙetare yashi ya tafi gida. Aka cire Alhaji daga kwamiti, Malam Kamilu ya ajiye aiki ya koma Kankara. Sabon kwamiti ya rubuta hutun rafi a jadawali, mutum bakwai masu rai suka sa hannu. Ƙarfe bai ƙara bugawa da kansa ba, benci ya bushe.

Alhaji ne bai warke ba. Washegari da ƙarfe bakwai aka gan shi a bakin rafi ta gefen Tunga, a ranƙwafe, yana jira. Ya haɗe hannuwa a baya, ya ƙetaro yana ɗaga ƙafa sama-sama a kan busasshen yashi, ya kai ƙofar aji, ya sauke. Da ya miƙe sai hankalinsa ya dawo sarai, ya gane kowa, ya yi kuka ya koma gida da jiƙaƙƙiyar riga. 'Ya'yansa sun kai shi wajen masu ruƙiyya, sun kai shi asibiti a birni. Duk inda yake, bakwai na yi sai ya nemi hanyar rafi. Sau ɗaya suka kulle shi a ɗaki. Suka ji yana kakari, suka ɓalle ƙofa, suka tarar da shi a ƙasa ruwan laka na fita ta hanci da bakinsa. Tun daga nan ba wanda ya ƙara tare shi.

Gonar ta zama saura, don babu uban da zai bar ɗansa ya taka ta. Mutane sun daina tsayawa kallonsa, suna dai kauce masa a hanya, mata su ja yaransu gefe. Da damina, lokacin da makaranta ke kulle, 'ya'yansa maza kan ɗaura masa igiya a ƙugu su riƙe daga gaɓa, ya shiga ruwa har wuya, ya fito, ya kai abin da ke bayansa ƙofar ajin da babu kowa.

Shekara huɗu ke nan Alhaji Badamasi yana kai 'yar Gide makaranta kullum safiya, har Asabar da Lahadi, har ranar Sallah. Ba a ba shi hutu ba ko na kwana ɗaya.