Sakainar Inna Kyauta

Shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, gini ya ɓarke a Ƙauran Namoda. Duk wanda ya samu kujera a Gusau sai ya dawo gida ya aza bulo. Haka Alhaji Ɗantani ya yi, ya kuma ba Muhtari, magini ɗan Sakajiki, aikin da bai taɓa riƙe kamarsa ba.

Komai ya tafi daidai, sai wuri guda. Falon ya fi baranda ƙasa da mataki ɗaya, ga shi Alhaji na son sikatin, wato ɗamarar simintin nan mai faɗin yatsa huɗu da ake bi da ita gindin bango. A falo ta miƙe, a baranda ta miƙe. Amma inda suka haɗu a bakin matakala, wayyo! Ɗaya sama, ɗaya ƙasa, sai ka ce haƙoran tsohuwar akuya. Sau biyu Muhtari yana fasawa yana sakewa. Alhaji ya faɗa a gaban leburori cewa in Juma'a ta yi bai gyaru ba, zai ɗauko mutum daga Kaduna. Ƙaura kuwa ba ta riƙe magana. In aka ji an kawo baƙo ya gyara maka aiki, ko kewayen bayi ba wanda zai sake ba ka.

Ranar Laraba uwar Muhtari, Kyauta, ta shigo gari sayar da daddawa, ta biyo ta ga ginin da ake ta ba ta labari. Ita ce uwar daɓe a Sakajiki. Shekara talatin ba a daɓe ɗakin amarya ba tana zaune a gida. Gaskiya Muhtari bai ji daɗin ganinta ba, don leburori sun fara ƙus-ƙus.

"Inna, ki zauna can inuwa, siminti zai ɓata miki zane."

Ko kallonsa ba ta yi ba, ɗan fari ne. Ta wuce ta tsaya kan matakalar, ta taɓe baki.

"Wanga fa, mi ya same shi?"

"Shi ke hana ni barci, Inna."

"Dole. Kai komi naka da tsalle. Layi ai lallashinsa akan yi."

Ta ce a kawo kwaɓi. Ta ciro sakaina daga kwandonta, ta tsoma a ruwa, ta durƙusa. Tun saura taki guda a kai matakala ta soma ɗaga ɗamarar kaɗan-kaɗan, tana auna faɗin da yatsunta huɗu, tana lanƙwasa ta yadda masu daɓe suke yi wa gefen dokin ƙofa da makuba, shafen ɓawon ɗorawa, har ta ƙasa ta hau ta haɗe da ta sama. Ta shafe da bayan sakainar. Wallahi ko farce ba zai gano inda aka haɗa ba. Ƙus-ƙus ya ɗauke.

Da la'asar sai ga Alhaji da abokansa biyu. Ya sunkuya, ya bi wurin da tafin hannu, ya sake bi.

"Ikon Allah! Muhtari, ashe kana da hannu haka kake wahal da ni? Na fasa Kaduna."

Muhtari ya waiga. Inna na bakin ƙofa, ta juya fuska tana ɗaure kwando, ta bar masa yabon. Leburori ma ba mai tona shi. In ya yi shiru, sunansa ya tashi ke nan. Amma alfahari da uwarsa ya fi ƙarfinsa.

"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne. Hannun Innata ne. Ga ta can."

Alhaji ya dubi tsohuwar, ya dubi bangon. Ya cire takalmi ya russuna.

"Sannu da aiki, Inna. Akwai sauran matakala uku a cikin gida da sikatin bai kai gare su ba tukuna, ko za a taimaka mana?"

Kyauta ta ajiye kwando, ta gyara ɗaurin zane.

"Kai," in ji ta, idonta na kan bango, "kwaɓo siminti. Kada ka cika mai ruwa."

Babban magini ya ɗauki shebur a gaban kowa, bakinsa har kunne.