Kwana Uku a Rumfar Shanu

Ni ban yi niyyar kashe shi ba. Ciyawa na je yankowa saniya a bayan rijiya, na kai lauje cikin duhuwa kamar yadda nake yi shekara talatin, sai na ji ya cije a wani abu da ba ciyawa ba. Da na ɗaga, gamsheƙa ce, tabon nan na bayan kanta a fili. Ta yi murɗa biyu ta miƙe, ta mutu.

Na zauna a ƙasa. Ba tsoro na fara ji ba, lissafi na fara yi. Ɗana Dinakara, mai aiki a jirgin ruwa, zai iso da tsakar rana. Shekara shida ban sa shi a ido ba, kuma kwana uku kacal aka ba shi. Gamsheƙa kuwa a garinmu ita ce Naga, macijin da muke bauta wa, wanda ya kashe shi ya zama ɗansa: zai ƙona shi kamar yadda ake ƙona uba, ya yi zaman makoki kwana uku, ba ya taɓa kowa, ba ya taɓa tukunya. Ga kifina na jiƙe da tsamiya tun asuba, ga kwakwa na kankare.

Babu wanda ya gani. Rafi na nan taku ashirin, ya cika da ruwan damina. Har na sa sanda na ɗago macijin zan jefa shi ciki. Sai na tuna matar Dinakara tana can Mumbai da cikin wata bakwai, bayan ɓari biyu. Naga ba ya bin wanda ya kashe shi, zuriyarsa yake bi. Na ajiye sandar, na lulluɓe shi da gefen zanena, na tafi gida.

Mijina Dejappa yana kan dakali yana tauna ganyen nan mai rina baki ja kamar goro. Na gaya masa daga nesa.

"Yau?" ya ce. "Duk kwanakin duniya sai yau? Ke dai hannunki ba ya zama wuri ɗaya."

"Da kai ne kake yanko ciyawar, ai da tuni yunwa ta kashe saniyar, maciji kuma ya tsufa lafiya."

Ya tofar da jan yawu ya tafi kiran Subraya Bhatta, malamin ɗakin bautarmu. Aka tara itace a gindin bishiyar da duwatsun bautar Naga suke. Aka naɗe gawar da farin ƙyalle, aka sa mata tsabar kuɗi a baki, aka zuba man shanun da na ɓoye don tuwon ɗana. Ni na kunna wutar. Ina tsaye cikin hayaƙi na ji ƙarar mota a bakin hanya.

Ya yi ƙiba, gashin gaban kansa ya fara gudu. Ya taho da sauri hannu a buɗe, sai Yamuna, yayar mijina, ta sha gabansa.

"Tsaya nan! Uwarka ta yi sabon uba, yanzu ta gama ƙona shi."

"Inna, wai da gaske?" ya ce. "A kan maciji?"

"Rufe bakinka," na ce. "A gabansa kake."

Aka shimfiɗa mini tabarma a rumfar shanu. Yamuna ta karɓe madafata. Ita ce matar da ke zuba gishiri kamar tana jin haushin miya. Daga inda nake ina jin ƙaurin kifina. Ina ganin Dinakara ta taga yana ci yana cewa ya yi daɗi, domin da irin wannan tarbiyyar na rene shi. Takaici ya ishe ni har na ture shinkafar da aka turo mini a ganyen ayaba.

Yakan jawo kujera ya zauna taku biyar daga gare ni. Ya ba ni labarin tashoshin jiragen ruwan da ban iya faɗin sunansu ba. Ya nuna mini hoton matarsa a waya, ya miƙa hannu iya tsawonsa, ni kuma idona ba ya gani daga nan. Na ce ta yi kyau. Akwai wani tabo a wuyansa da ban san shi da shi ba. Na tambaya, ya ce ba komai, igiya ce. Kwana biyu ina kallon tabon nan.

Rana ta uku na aika a kira mini Bhatta. Motar Dinakara ƙarfe huɗu za ta tashi, wankan tsarkina kuma sai rana ta faɗi.

"Malam, awa biyu ce fa tsakani. A rage mini."

"Sesamma, ni na ajiye ranar a sama?"

"Shekara talatin ina zuba wa duwatsun nan madara."

"To, kada ki ɓarar da ita a awa biyu."

Na kishingiɗa a kan tabarma. Na gaji da roƙo, na gaji da zama, bayana duk ya riƙe.

Ƙarfe uku da rabi Dinakara ya fito da jakarsa. Ya zo har bakin rumfar, ya wuce taku biyar ɗin, ya durƙusa zai taɓa ƙafata kamar yadda ɗa ke yi in zai yi tafiya.

"Inna, babu mai kallo."

Na janye ƙafafuna cikin zane.

"Gida za ka, wurin mai ciki. Tashi."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya taɓa ƙasa, ya kai hannun goshinsa, ya tashi. Na sa masa albarka da baki, hannuwana a matse a hammata don ban yarda da su ba.

Da rana ta faɗi na yi wanka a rijiya, Bhatta ya yayyafa mini ruwa ya ce na tsarkaka, yanzu ina iya taɓa kowa. Na shiga gida da jiƙaƙƙen gashi. Yamuna ta riga ta tafi. Dejappa ya ɗago kai daga dakali.

"Yauwa," ya ce. "Ɗora mana shayi."