Ɗan Kurmi a Kafaɗata

Ni dai tun farko ba na shiri da tsuntsun nan, kada wani ya gaya muku wani abu daban. Aku ne mai toka-toka da jar wutsiya, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya kawo wa maigidana Illiya shi daga kudu, shi ya sa muke ce masa Ɗan Kurmi. Illiya baduku ne, takalma yake ɗinkawa a kasuwar Agadez. Kullum da safe zai ɗora tsuntsun a kafaɗa su tafi rumfa, sai magariba su dawo. Abin da na sani game da shi biyu ne: yana cizo, kuma ya iya muryar Illiya tsaf. Sau nawa ina tsakiyar daka zan ji "Habsatu, ruwa!" in saki taɓarya in ruga da moɗa, in tarar da ɗan banzan yana kallona da ido ɗaya!

Shekarar da Nasara suka canza kumandan, zazzaɓi ya ɗauke Illiya cikin kwana shida, Allah ya jiƙansa. Ba mu haihu ba. Na shiga takaba, ni da tumakina huɗu da tsuntsun da bai ƙaunata.

Daga ranar jana'iza Ɗan Kurmi ya yi shiru. Ya daina ci, ya rinƙa fizge gashin ƙirjinsa. Nan na gane muryar mijina ba ta rage a ko'ina ba sai a maƙogwaron wannan tsuntsu, in ya mutu ta tafi ke nan. Wallahi tsoro ya kama ni. Na dinga lallashinsa da gyaɗa, da 'ya'yan rumman na garin Timiya da maƙwabciyata Balki ta kawo min. Ya cije ni ya fi a ƙirga. A wata na uku ya fara karɓa daga hannuna, rannan kuma ina zaune a inuwa bayan azahar, sai ji na yi ya tako hannuna ya hau kafaɗa.

Ban gama murna ba na ji wani sauti daf da kunnena, ƙurus-ƙurus, ƙurus-ƙurus. Na waiga a hankali. Ya kumbura gashinsa, ya naɗe ƙafa ɗaya, idanunsa sun lumshe, yana gurza bakinsa na ƙasa da na sama.

Ni 'yar masu kiwo ce, na san wannan sauti. Tunkiya ba ta gurza haƙora sai ciwo ya ci ƙarfinta, kuma da wuya ta ga kwana uku. Illiya ma haka ya yi a kwanakinsa na ƙarshe.

Sai na yi masa abin da ake yi wa tunkiya. Na jiƙa kanwa na ɗura masa, ya fesa min ita a fuska. Kuma tunda ba a barin dabba mai ciwo ta kwanta, da ya lumshe ido ya fara gurzar nan sai in girgiza kafaɗa, in tafa hannu, in kira sunansa. Kwana biyar ina haka. Ya koma kan katanga ya juya min baya, ni kuma ina kuka ina cewa ciwon ne ya ƙaru.

Balki ta ce a kai shi wurin likitan dabbobin Nasara. Ina ni ina fita, ina cikin takaba? Ƙarshe na aike ta kasuwa ta roƙo min Malam Lawali, mai ɗinkin sirdin raƙumi, wanda rumfarsa ke jingine da ta Illiya shekara da shekaru.

Ya zo ya zauna a zaure, ni ina daga bayan asabari. Na zayyana masa komai, har da kanwar. Sai na ji tsohon nan yana dariya ƙasa-ƙasa. Raina ya ɓaci, na ce in dariya ya zo yi, hanya a buɗe take. Ya ba ni haƙuri, ya ce tsuntsu ba tunkiya ba ne. Ya ce kullum bayan azahar, in Illiya ya ajiye basilla ya jingina da bango, Ɗan Kurmi kan hau kafaɗarsa ya yi wannan gurzar har barci ya kwashe shi. Sai cikinsa ya cika, hankalinsa ya kwanta, yake yi. Illiya ko ƙuda ba ya korewa a lokacin, kada ya tashe shi.

"Shekara goma sha ɗaya ina ba shi gyaɗa," in ji Malam Lawali, "bai taɓa yi a jikina ba. A kafaɗar wa yake yi yanzu, Habsatu?"

Da ƙyar na ce, "Tawa."

Na ji ya ja takalmansa ya tafi.

Sai da na yi kwana tara ina ban haƙuri da rumman kafin ya sauko daga katangar. Ranar da ya hau kafaɗata, na jingina da bango na daskare. Ƙuda ya sauka a hancina na ƙyale shi. Ƙurus-ƙurus, ƙurus-ƙurus, har ya yi barci. Wuyana ya sage, hawaye na zuba, ban share ba. Sai da aka kira la'asar ya farka, ya miƙe fiffike, ya gyara murya.

"Habsatu, ruwa!"

Na ce, "Ƙafarka ce ta karye?" kamar yadda na saba ce wa mai muryar. Sannan na tashi na ɗauko moɗar Illiya daga inda na ɓoye ta, na cika ta na kawo.