Ranar da Filin Caney Ridge Ya Yi Tsit

A garinmu, Hollis Ferry, mutum zai iya sauya coci, ya sauya jam'iyya, ya sauya mata ma, a yi gulmarsa mako guda a manta. Amma ɗan gidan da ake sa kore ya wayi gari da jar riga, wannan ba a mantawa. Kore na jami'ar Caney Ridge ne, ja na Talbert. Rukuni ɗaya suke a gasa, tafiyar awa guda ce tsakaninsu, kuma tun zamanin kakana suke karawa a ƙwallon ƙafa irin na Amurka a Asabar ɗin da ke bin Idin Godiya, a kan wata tsohuwar ƙararrawar jirgin ruwa da ko kyauta aka ba ni ba zan ajiye a gidana ba.

Ƙanena Harlan Stribling shi ne muryar Caney Ridge a rediyo. Duk Juma'a da safe a gidan abincina yake kafa makirfonsa, a teburin bakin taga, ya yi sharhin wasan gobe, jama'a suna cin ƙwai da burodin masara suna musa masa. Ɗansa tilo, Tate, shi ne mai bugun ƙafa na Talbert, wanda ake kira idan ana neman maki uku ya ɗaga ƙwallo ta ratsa tsakanin sanduna. Caney Ridge ba su neme shi ba, Talbert suka ba shi gurbin karatu, yaro ya tafi. Harlan ya ɗauki abin kamar an zage shi a tsakiyar kasuwa. Shekara uku uba da ɗa ba su zauna tebur ɗaya ba. Ni kuwa Verlene, da na riƙe yaron tun rasuwar uwarsa yana ɗan shekara tara, na gaji da zama ɗan aike a tsakaninsu.

Bana na ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai sun ci abincin idi tare. Na kira Tate na yi masa kukan gaske, na kira Harlan na yi masa faɗan gaske. Ranar Alhamis, wato ranar idin, kocin Talbert ya sallami yara su je gida su dawo da yamma, sai ga Tate a ƙofata, ya yi tsawo ya yi faɗi, ya sa riga ruwan toka don kada ya tsokani kowa. Ubansa ma, abin mamaki, ya bar koriyar hularsa a mota.

"Baba, barka da idi," in ji Tate.

"Yauwa. Ba sa ba ku abinci ne a can? Dubi wuyanka."

"Suna ba mu, Baba. Na Gwaggo ne dai babu."

Aka yayyanka gasasshen talotalo. Da farko cokula kawai ke magana, amma kafin a kai ga dankali mai zuma har sun fara gardama a kan wanda ya fasa gilashin cocin Baftis shekarun baya, lokacin da Harlan ke dafa masa ƙwallo a bayan gida yana koyon bugu. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Bayan an ci suka fita baranda, ni ina wanke-wanke, tagar kicin a buɗe. Ban ce laɓe na yi ba, amma famfon ma na rage masa ƙarfi.

"Wasan nan da kuka yi da Dunmore," na ji Harlan yana cewa, "ba iska, ba ruwa, filin ma rabinsa wofi. Yaya aka yi ka zubar da bugun da ko ido rufe kake ci?"

Tate ya ce, "Shi ne matsalar, Baba. Ihu ba ya damuna, a yi ta yi, shi ke riƙe ni. Shiru ne ba na so. In wuri ya yi tsit sai in ji ni a ɗakin asibitin nan, lokacin da aka kashe na'urar numfashin Mama. Ƙafar sai ta zama ba tawa ba. Ko koci ban gaya wa ba."

Na leƙa. Harlan ya ɗora hannu a ƙeyar yaron, kamar yadda yake yi yana ƙarami. Na koma kan tukwanena ina hawaye, ina cewa a raina an gama, Allah ya kawo ƙarshen wannan shirme.

Juma'a gidan abinci ya cika maƙil, har da na tsaye. Harlan yana cikin nishaɗi, muryarsa na fita tas. Ya ce mai jefa ƙwallo na Talbert yana da hannu amma ba ya son a matse shi. Ya ce 'yan gaban Caney Ridge sun fi nauyi, in suka yi haƙuri suka riƙa turawa da gudu, Talbert za su gaji kafin zango na ƙarshe. Ya yi maganar raunin gwiwar mai tsaron bayanmu, da iskar da ke kaɗawa daga kogi bayan la'asar. Sai aka zo ɓangaren da kowa ke jira, wanda ake kira "Ina Ɓarakar?" Al'adar shirin ce, dole mai sharhi ya faɗi wuri ɗaya da abokan gaba ke yoyo, ba kara, ba kunya. Harlan yana alfahari da cewa ko kocinmu bai taɓa ragawa ba.

"Ɓarakar Talbert," in ji shi, "tana gefen hagunsu."

Odell Crumpton mai sayar da taya ya buga tebur. Mutum ne da bai taɓa riƙe ƙwallo ba amma bakinsa ya fi filin wasa faɗi. "Haba Harlan! Gefen hagu kuma? Bara gefen hagu, bariya gefen hagu. Shekara uku kana tsallake mai bugun ƙafarsu kamar ramin titi. Jiya an ga motar yaron a ƙofar Verlene. An ba ka cinyar talotalo an toshe maka baki ke nan?"

Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "A duba ƙarƙashin rigarsa, singiletin ja ne!"

Na ga kunnen Harlan ya yi ja. Na san kunnen nan tun yana rarrafe. Na ajiye butar kofi na girgiza masa kai, amma ba ni yake kallo ba.

"Ni za a toshe wa baki, Odell? To buɗe kunnenka. Yaron nan ihu ne abincinsa, ku yi ta yi har muryarku ta dishe, ƙara masa ƙarfi kuke. Kuna son ya zubar? Ku yi shiru. Ku yi tsit kamar ana jana'iza, ku ga ikon Allah."

Aka yi tafi, Odell ya cire hula ya rusuna masa. Da aka rufe shirin na ja shi kicin.

"Kai wane irin mutum ne? Amanar da yaro ya ba ka jiya jiya?"

"Haba Yaya, raha ce. Ban faɗi dalili ba ai. Wa ya taɓa ganin filin ƙwallo ya yi shiru? Ko gwamna ya roƙa ba za su iya ba."

Yana faɗa yana kauce wa idona. Kafin azahar ɗaliban Caney Ridge sun yanko maganar suna ta yaɗawa a waya. Na kira Tate, bai ɗauka ba.

Asabar na zauna a kujerar da iyalinmu ke zama tun ubanmu na raye, sanye da koriyar rigata. Wasan ya tafi yadda Harlan ya faɗa, ban hana shi iya aikinsa ba. Muka tura, suka gaji, iska ta taso daga kogi. Duk tsawon wasan ina addu'a abu ɗaya: ko wa zai ci ya ci, amma kada a kira Tate. Sai da lokaci ya zo ƙarewa muna gaba da maki biyu, Talbert suka matso, suka tsaya, aka kira shi.

Ɗalibai suka fara ɗaga yatsa suna ɗorawa a leɓe. Abin ya bi layi layi, ya zagaye filin. Masu ganga suka sauke sanduna. 'Yan Talbert kaɗan ne a can lungu, sun yi ihu na ɗan lokaci, da suka ji muryarsu kaɗai ke tashi sai suka rikice suka yi ƙasa da ita. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har kaɗawar tuta ana ji. Na ga Tate ya ɗaga kai ya dubi tagar ɗakin 'yan rediyo, inda ubansa yake.

Na miƙe. Tsohuwa da koriyar riga a tsakiyar kore, na ware maƙogwaro ina kiran sunansa, ina buga gwangwanin lemo a ƙarfen kujera. Matar da ke gefena ta ja min riga tana cewa, "Verlene, kin haukace ne?" Na fizge. Amma murya ɗaya ce a filin da ya ci rabin jiha, kuma tagar can sama ba ta buɗe ba.

Ƙwallon ta tashi ta karkata hagu, ba ma kusa ba.

Filin ya fashe. Aka turo ƙararrawa ana kaɗawa, ɗalibai suna rera sunan Harlan kamar shi ya buga wasan. Ni na sauka wajen motocin Talbert inda iyaye ke jira. Can sai ga Harlan ya iso yana haki, hula a hannu, fuskarsa kamar wanda ya kwana da zazzaɓi. Tate ne ya fito a ƙarshe. Ya rungume ni ya ce a kunnena, "Na ji ki, Gwaggo. Wallahi na ji ki."

Harlan ya matso. "Tate. Ɗana, ka saurare ni, bakina ne ya..."

Yaron bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya miƙa masa hannu kamar yadda ake koya musu su gaisa da 'yan jarida.

"Sharhinka ya yi daidai, Mista Stribling. Ina taya ka murna."

Ya hau mota, ya zauna a gefen da ba ya kallonmu.

Yanzu ana sayar da riguna a gari masu hoton Harlan da yatsa a leɓe, Odell ya saya har biyu. Harlan bai fasa zuwa da makirfonsa ranar Juma'a ba, sai dai ya cire "Ina Ɓarakar?" daga shirin, kuma in an tashi yakan zauna shi kaɗai har kofinsa ya huce. Ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, ban san wanne ya fi yawa ba. Tate yana zuwa cin abincina lokaci lokaci, amma kafin ya taso sai ya kira ya tambaya ko motar mutumin nan tana waje.