Ƙafar Keken Baba Jimrau

"Kifa shi, Isufu, ƙafafu sama. Kak ka ja mini shi cikin rairayi kamar akuya."

Na kifa keken a tsakar gida, kusa da tabarmar da Baba Jimrau yake kwance. Maƙwabcinmu ne, danga ɗaya ta raba mu. Wajen sojan Faransa ya koyo gyaran keke, kuma duk Dakoro shi kaɗai ya iya, har gardawan kumandan, masu gadin bariki, wajensa suke kawo nasu. Da idonsa ya tafi ya rataye nasa a zaure. Yanzu ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ba abin da yake kira sai sunan ɗiyarsa Azara da ke aure a Korahane. Ni zan je in kira ta. Jaki ba zai kai da wuri ba, keken kuwa ƙafar gaba ta ƙi juyawa, sai gurnani.

"Malam, ka kwanta," in ji Inna Uwale, matarsa. "Kai da ko kunu ba ka iya ɗagawa."

"Kunu ya fi kile nauyi, Uwale. Tashe ni."

Ta jingina shi da jikinta. Na cire ƙafar na ɗora masa a cinya. Na miƙa masa kile, ƙarfen kwance noti. Ya kwance cibiyar, ya zare sandar tsakiya, ƴan ƙwayoyin ƙarfen da yake ce wa bil suka zubo cikin faifai, baƙi ƙirin, duk rairayi. Na wanke su da kananzir. Sai ya riƙa ɗaukarsu ɗaya ɗaya yana sawa a baki, yana juyawa da harshe.

"Abincina ka ƙi, ka ci ƙarfe," in ji Inna.

"Wannan ba a cika mishi gishiri ba."

Can ya tofo ɗaya a tafin hannu. "Ta tsage. Ita ka cin sauran."

Ni ban ga komai a jikinta ba. Na ce, "Baba, babu wata sai Maradi. A mai da ita mana."

"A'a, ɗana. Bar gurbinta. Sauran su matsa, su ɗauki kayan."

Ya shafa giris da ɗan yatsa, ya dasa kowace a mazauninta kamar mai shuka gyaɗa. Ya ɗaure, ya sassauta kaɗan, ya sake ɗaurewa, kunnensa a jikin ƙarfen. Da na mayar da ƙafar ya ce in juya ta in saki. Ta yi ta juyawa ba ko motsin sauti. Sannan ta yi lilo gaba da baya, ta tsaya, bakin iska a ƙasa.

"Ina ta tsaya?"

"Bakin iska na ƙasa, Baba."

"To, hau. Allah shi kai ka."

Inda hanya ta yi tauri na tuƙa, inda rairayi ya yi zurfi na sauka na tura. Mijin Azara ya ɗauko ta a raƙumi. Washegari da hantsi muka shigo, ina gaba ina tura keken. Baba na kwance, numfashi sama sama.

"Ban ji kukan ƙafar ba," ya ce. "Ta kai ka?"

"Ta kai ni, Baba. Ga Azara."

Ta durƙusa ta sa fuskarta cikin tafinsa. Ya shafa goshinta da kumatunta a hankali, yadda ya shafa cibiyar nan. Ya ce ta rame. Ta yi dariya tana hawaye. Kafin la'asar ya cika, kansa a cinyarta.

Da muka dawo daga maƙabarta na tarar Inna ta kifa keken a inuwar itacen bedi. Tana zaune kusa, ƴar tsagaggiyar ƙwayar tana ƙulle a bakin zanenta. Ta sa yatsa ta tura ƙafar. Muka zuba mata ido har ta yi lilonta ta tsaya.