Dalma a Jinin Nyamisi

Da malamar asibiti ta ce sakamakon gwajin jini ya dawo daga Mwanza, kuma dalma aka samu a jinin Nyamisi, sai ubanta Mafuru ya dubi matarsa Nyanjura ko ita ta fahimta. Ina! Ita ma sake da baki take kallon malamar, yarinyar na kwance a cinyarta sharaf. An kwana biyu cikinta na murɗawa, ta rame, 'yar shekara uku da ta fara cika gida da surutu yanzu "Baba" kaɗai ke fita daga bakinta.

"Dalma dai wadda nake sa wa igiyar ƙugiya don ta nutse?" in ji Mafuru. "Yarinyar da ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba?"

"Ita fa, Baban Nyamisi. Magani za mu ba ta, amma in ba a gano ta inda take shiga jikinta ba, aikin banza muke. Ku bincika, ku dawo ran Laraba."

Ya nufi bakin ruwa kansa a ɗaure, can kuma aka ƙarasa rikita shi. Ma'aikatan kula da kamun kifi ya tarar sun tara masunta, wai daga yanzu an hana sa dalma a kayan kamu, don kifi da tsuntsaye na haɗiye ta. Mafuru ya kutsa ya kama hannun babbansu.

"Ranka ya daɗe, 'yata fa? Ta yaya ta shiga jininta?"

"Malam, ni ruwa aka ba ni, ba jini ba. Ka koma asibiti."

Kai, wannan amsa ta ƙona masa rai! Abokinsa Bituro, wanda ba ya rasa ta cewa, ya dafa shi ya ce ai magana ta fito: kifi ya ci dalma, yarinya ta ci kifi. Wani ya ce, "Rufe mana baki, sarkin sani, kai da ke cinye kan giwan ruwa kai kaɗai me ya same ka?" Aka kwashe da dariya, ban da Mafuru. A gida Nyanjura ta kankare tukwane, ta share tsakar gida har ƙasa ta yi rami, ba ta ga ko ɓurɓushi ba. To ina za ta gani? Shi a bakin ruwa yake narka dalmarsa cikin gwangwani, nesa da gida.

Ran Laraba malamar ta zaunar da shi ta yi ta tambaya, har ya fara ƙosawa.

"Yaya kake maƙala dalmar a igiya?"

"Yadda kowa ke yi mana. Ka naɗe, ka ciza, ta kama." Ya buɗe baki ya nuna mata gurbin da dalmar ta ci a haƙorinsa, har da ɗan alfahari.

"In ka dawo gida fa?"

Nyanjura ta riga shi amsawa. "Ai ko wanka ba ya tsayawa yi, sai ya ba gimbiyarsa abinci. Shi ke tauna mata karfasa ya fitar da ƙaya, ya sa mata a baki. Haka ubansa ya yi masa. Ni in na ba ta ma tofarwa take."

Malamar ta ƙura wa bakinsa ido. Kallon nan ya fi duk abin da aka faɗa masa ba shi tsoro.

"Shi ne?" in ji Mafuru. "Bakina ne?"

"Ba zan rantse ba. Zai yiwu shi ne, zai yiwu ƙurar da ke jikin rigarka ce, ko duka biyun. Ka daina taunar. Kai ma ka ba da jini."

"Amma ni lafiyata lau!"

"Haka kake gani."

Ya fito bai san ko an ba shi amsa ko an ƙara masa tambaya ba. Da yamma ya yi wanka, ya canja riga, ya kurkure baki da gishiri har dasashinsa ya yi jini. Nyanjura ta ajiye tuwon rogo da karfasa. Nyamisi, da ta wuni ba ta ɗaga kai ba, ta rarrafo ta hau cinyarsa, ta buɗe baki tana jira.

Ya gutsuro kifin. Hannunsa da kansa ya kai shi bakinsa, ya tsaya cak. Shin ya wanku, ko bai wanku ba? Wa zai tambaya? Ya ɗauke ta ya miƙa wa uwar. Nyanjura ta murmushe kifin da yatsu ta sa mata, yarinyar ta tofar, ta miƙo hannu biyu tana kuka, "Baba! Baba!"

Mafuru ya dafe bakinsa da tafin hannu, hawaye na bin yatsunsa, ya ce wa matarsa ta sake gwadawa.