Lambar da Ya Haddace

Kafin ƙarfe goma na safe wayar Batulu ta yi ƙara sau uku, kuma duk sau ukun sai da ta goge jajayen yatsunta a gefen zani ta ɗauka. Na farko wata budurwa ce mai muryar 'yan rediyo, tana tallar fili a Kuje. Na biyu wani ne da maganin basir da na ciwon baya da na sanyin ƙashi, duk a kwalba guda. Na ukun ma ba mutum ba ne, murya ce da aka naɗa, wai a danna ɗaya a ci mota.

"Maman Rukayya, kai ba ka gajiya?" in ji Monica, ba ta ko ɗago kai daga tiren da ke cinyarta ba. "Kowane ɓarawo a Abuja ya san lambanka."

Batulu ta yi ɗan murmushi, ta mayar da wayar cikin ƙullin zani. Su kusan arba'in ne a cikin sito ɗin nan na Idu, zaune a jere kan buhuna, suna tsince busasshen zoɓo, suna fitar da kara da tsakuwa kafin a ɗure shi zuwa ƙasar waje. Monica 'yar Gbagyi ce. Ta sha nuna wa Batulu daidai inda ake ajiye manyan motoci, ta ce a nan babanta yake binne doya kafin gari ya cinye gonar. Shekara biyu suna zama kafaɗa da kafaɗa, don haka ta san dalilin ɗaukar wayar. Tsokana ce kawai.

Ilyasu, mijin Batulu, tela ne a Gwoza. Shi ya saya mata layin, ya haddace lambar har yana rera ta yana taka keken ɗinki. Ranar da mahara suka shigo garin, ya raka ta gindin dutse da Rukayya goye a bayanta, sannan ya juya don ya ɗauko tsohuwarsa. Tasa wayar tana shago. "Ki riƙe taki da kyau," ya ce, "ko ta wa na samu zan kira ki." Shekara tara ke nan. Ta sauya waya huɗu tun daga sansanin Yola har zuwa ɗakin buhu da kwano da take ciki yanzu a Kuchigoro, amma ba ta taɓa sauya layi ba. In ya kira, da baƙuwar lamba zai kira. To wace baƙuwar lamba za ta ƙi ɗauka?

Kira na huɗu ya shigo sha ɗaya saura.

"Assalamu alaikum. Da Hajiya Batulu Adamu nake magana?"

Ta dakata da tsintar zoɓon. Masu talla ba sa kiran sunan ubanta.

"Ita ce."

"Hajiya, sunana Tawfiq, daga kamfanin layinki. Mun duba mun ga layin nan bai haɗu da lambar katinki na ɗan ƙasa ba. Yau ce ranar ƙarshe. Ƙarfe huɗu daidai na'ura za ta rufe shi, a sayar da lambar ga wani."

"A sayar wa wani?" Ta miƙe tsaye, zoɓon ya zube daga tire. "Ai na haɗa! Kwana biyu na yi a layi bara."

"Da yawa an samu matsala, Hajiya. Ba laifinki ba ne. In an rufe sai ki sayi sabo, ai ba tsada."

"Ɗana, ba ka gane ba."

Ta koma bayan tulin buhuna, ta toshe ɗaya kunnen saboda ƙarar injin, ta gaya masa. Ba ta yi niyya ba, maganar ce ta ɓalle. Ta gaya masa dutsen, da keken ɗinkin, da lambar da ake rerawa. Ya yi salati. Ya ce Allah Ya bayyana shi. Ya tambayi sunansa, ita kuwa da ba ta saba kama sunan miji ba ko a gaban ƙawaye, ta faɗa masa a hankali.

"Hajiya, don Allah zan taimake ki. Daga nan zan gyara miki, ba sai kin zo ofis ba. Yanzu saƙo zai shigo da lambobi shida. Ki karanto mini kawai."

Wayar ta yi ɗan motsi a tafinta. Ba ta karanta Turanci, amma lambobi ta san su sarai.

"Bakwai," ta ce. "Biyu. Tara…"

Hannu ya damƙe tsintsiyar hannunta. Monica ce ta biyo ta. Ta fizge wayar, ta kashe kiran, ta kawo fuskarta kusa da gilashin tana bin rubutun da yatsa, leɓenta na motsi.

"Ka ga abin da ya rubuta? Ya ce kada ka ba kowa wannan lamba. Kowa! Ko mutumin kamfani."

"Shi ne ya turo ai."

"Shi ne yake so ya shiga wayanka! Haka suka yi wa Lydia ƙanwana. Ta karanta musu lamba, kafin yamma suna ta aika wa duk mutanen coci da sunanta, wai tana asibiti a taimaka. Har fasto ya tura. Wata uku Lydia ba ta iya ɗaga ido a coci."

Wayar ta sake ƙara a hannun Monica. Lambar ɗazu ce. Ta katse. Ta sake ƙara. Ta katse.

Batulu ta koma ta zauna a buhunta. Ta ɗebi zoɓo, ta zuba a tire, ta kasa ganin tsakuwar. Ta yarda da Monica; ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Amma Monica ba ma'aikaciyar kamfani ba ce. Bara ma ai an rufe wa mutane layi a Kuchigoro, ta gani da idonta, har da na mai unguwa. In yaron nan gaskiya ya faɗa fa? In gobe da safe Ilyasu ya ari waya a wani ƙauye, ya danna lambobin nan da ya riƙe shekara tara, sai wani ƙato ya ɗauka ya ce ba ya nan, bai san ta ba? Ta dubi agogon bango. Sha biyu saura kwata. Ta tsince ɗan kaɗan, ta sake duba. Ko minti biyar ba a yi ba. Ta gyara zama, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa. Ƙarfe ɗaya ta ajiye tiren.

Oga Bernard, mai kula da su, ya ce duk wadda ta fita kafin biyar ba ta da kuɗin yini. Ta ce ta ji.

"Je ka ofishinsu na Wuse," Monica ta ce, tana cusa mata ƙullin gyaɗa a hannu. "Ka gani da idonka. Amma in ya kira a hanya, ka rufe baki."

Ya kira a hanya. Sau biyu a cikin keke napep kafin Jabi, sau ɗaya a tasi. Kowane kira tana kallon lambar har ya yanke. Sai saƙon murya ya biyo baya, ta kara a kunne: "Hajiya, saura awa biyu. Ni dai na yi iya ƙoƙarina. Ki tuna da bawan Allahn nan." Hadari ya haɗo ta gabas, motoci suka cunkushe a Berger, direba ya kashe inji ya ce mai ya yi tsada. Ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, takalminta na roba na zamewa.

Ofishin cike yake. Mai gadi ya ba ta 'yar takarda mai lamba sittin da takwas. Allon da ke sama yana nuna arba'in da ɗaya. Sanyin na'ura ya ratsa rigarta da ta jiƙe da gumi. Ta zauna, ta tashi, ta je bakin ƙofa, ta dawo. Wani dattijo mai jaka a cinya ya dube ta ya dube ta, can ya miƙo mata tasa takardar, mai lamba hamsin.

"Karɓi, baiwar Allah. Ni ba inda za ni."

Uku da rabi ta isa gaban tebur. Yarinyar da ke wurin, an rubuta Cynthia a ƙirjinta, ta karɓi lambar ta danna, ta juyo mata da allon kamar Batulu za ta iya karantawa.

"Mama, layinka lafiya lau. An haɗa tun bara."

"Ba za a rufe ƙarfe huɗu ba?"

"Wa ya gaya maka? Mu ba mu kiran mutum mu ce ya karanta mana lamba. Ko ni na tambaye ka, kar ka ba ni. Ka ba shi?"

"Uku na faɗa. Saura uku."

"To Allah ya taimake ka. Uku ba zai yi masa komai ba."

"Ba za a sayar wa wani ba dai?"

"In kana amfani da shi, babu mai taɓawa. Na gaba!"

Batulu ta yi godiya, amma ba ta fita ba. Ta koma kujerar baya ta zauna, wayar a tafin hannu, idonta a kan 'yan sandunan sabis ɗin nan na saman gilashin wayar. Huɗu ta buga. Huɗu da minti biyar. Da minti goma. Sandunan na nan tsaye. Ta kira Monica, ya shiga. Ta kashe kafin a ɗauka, ta sauke numfashi, sannan ta tuna ko azahar ba ta yi ba.

Ta yi sallolinta a wani ɗan masallaci bayan kasuwa. Tana tsaye ƙarƙashin rumfar tasha, yayyafi na sauka, tana jiran motar Lugbe, sai wayar ta yi ƙara. Wata lambar ce daban. Ta dube ta ɗan lokaci. Ta ɗauka.

"Salamu alaikum." Muryar babban mutum ce, a shaƙe, da karin harshen mutanen gabas. "Daga Mubi nake kira, daga asibiti. Akwai wani bawan Allah da aka kawo mana daga iyakar Kamaru. Ba ya iya magana sosai. Ilyasu, tela, mutumin Gwoza. Wannan lambar kawai yake ta maimaitawa, kamar waƙa."

Ta dafa ƙarfen rumfar, ta zame ta zauna a kan dakalin da ya jiƙe. Hayaniyar tasha ta yi nisa. Shekara tara tana tsara yadda kiran nan zai zo, kuma kusan haka ta tsara shi, kalma da kalma.

Kalma da kalma. Kamar yadda ta faɗa da bakinta ɗazu a bayan buhuna.

Ta gyara riƙon wayar.

"Malam," ta ce, "tabon ƙunar da ke goshinsa, yana nan?"

"Yana nan, Hajiya. Ga shi ina kallo."

Ta rufe ido. Goshin Ilyasu sumul yake, ko ƙurji bai taɓa zama a kai ba.

"Jini za a ƙara masa yau ɗin nan," mutumin ya ci gaba. "Likita ya ce in ba a biya kafin magariba ba, to sai dai haƙuri. Zan turo miki inda za ki saka kuɗin."

Ya kamata ta kashe. Yatsanta na kan wurin kashewar ma.

"Ya ci abinci?" ta ji bakinta ya tambaya.

"Eh… ya sha kunu."

"Da yawa?"

"Ya sha dai. Hajiya, maganar jinin…"

"Ya rame ƙwarai?"

"Ya ɗan rame. Amma yana gane mutane."

"A rufa masa ƙafafu. In ana ruwa ƙafarsa ce take fara yin sanyi."

"Za a rufa. Kina ji na kuwa? Lokaci na tafiya. Nawa za ki iya turowa yanzu?"

Ruwan ya ƙaru, yana dukan kwanon rumfar. Wata mai tallar masara ta matso kusa da ita tana kare gawayinta da faranti.

"Ba abin da zan turo maka," Batulu ta ce. "Ba shi da tabo a goshi. Na san tare kuke da yaron safe."

Tana jin numfashinsa, da kukan janareta can bayansa, da wani yana dariya nesa kaɗan.

Ta ce, "Ban ce ka ji tsoro ba, ba inda zan kai ka. Abu ɗaya kawai nake roƙo, don girman Allah. Ka sake faɗa mini ya sha kunun."

Har ta ɗauka ya ajiye wayar. Can muryar ta dawo, ba shaƙewa, ba karin harshen gabas, muryar saurayi ce sak.

"Ya sha, Mama."

Layin ya yanke.

Ta zauna da wayar manne a kunne har wata farar bas ta tsaya a gabanta, kwandasta ya leƙo yana dukan jikin motar da tafi, yana kiran Kuchigoro, Lugbe, saura mutum ɗaya. Ta tashi, ta matse gefen zaninta da ya jiƙe, ta shiga.